Kansilan Da Ya Bari Aka Rushe Ɗakin Mahaifiyarsa

Akwai wani kansila a garin Gombe mai suna Zaharadeen Joda. Kafin ya shiga siyasa malamin firamare ne, kuma ko bayan an zaɓe shi bai canja babur ɗinsa ba, bai kuma bar gidan da aka haife shi ba. Gidan yana wata unguwa a bayan unguwar Arawa, inda gari ya fara gangarawa. A nan yake zaune da iyalinsa da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inno. Shi ne autanta.

Unguwar tana da damuwa guda da ta hana mutanenta sakewa. Duk damina, ruwan da ya taru daga tudu ta cikinta yake bi. Ba magudana, ba kwalbati. Ya ci hanya, ya shiga ɗakuna, ya kayar da katanga. Da hadari ya haɗu sai ka ga mata suna ɗora katifu da buhunan abinci a kan tebur.

Tun da aka rantsar da Zaharadeen ba shi da magana a majalisar ƙaramar hukuma sai ta magudanar nan. Ya yi ta naci har aka amince.

Injiniyoyi suka zo suka auna, suka kawo wa majalisa hanyoyi biyu. Ta farko miƙaƙƙiya ce har kwari, amma za ta bi ta gefen gidan su Zaharadeen, ta cinye zaure da ɗakin da ke jikinsa. Ɗakin kuwa na Inno ne. Ta biyu za ta lanƙwasa ta kauce wa gidan, ta ratsa tsakiyar wani tsohon gidan haya da ke bayansu. Suka ce kowacce aka bi za ta ɗauke ruwan, zaɓi na majalisa ne.

Mai gidan hayar a Kano yake zaune. Da ya ji labari ya aiko cewa shi ya amince a bi ta gidansa, dama gidan ya tsufa, diyya kuma hannunsa za ta shiga. Sauran kansiloli suka ce wa Zaharadeen magana ta ƙare, tunda mai gida da kansa ya yarda ba wanda zai ga laifinsa. Yayansa Babayo, mai sayar da hatsi a kasuwa, ya zo har gida ya ce masa ya gode wa Allah da ya kawo mafita cikin sauƙi.

Inno ma ta kira shi. Ɗakin nan mijinta ne ya gina shi da hannunsa, shekarar da suka sayar da shanunsu suka zauna a gari.

Ta ce, “Auta, tun da ka hau kujerar nan ban taɓa roƙonka komai ba. A ɗakin nan babanku ya cika. Ka bar ni ni ma in cika a cikinsa.”

Ya sunkuyar da kai ya ce mata to. Har cikin ransa a lokacin haka yake nufi.

Ana gab da zaman da za a yanke hukunci, sai ya ga bai kamata 'yan hayar su ji a bakin wani ba, tunda shi ne wakilinsu. Bayan la'asar ya zagaya gidan. Shekara da shekaru suna maƙwabtaka, amma bai taɓa wuce ƙofar ba.

Ya tarar da ɗakuna a jere hagu da dama, kowace ƙofa da murhu da bokitai a gabanta, yara suna rubutu a kan tabarma. Akwai Sadisu magini da iyalinsa. Akwai Rahila mai ɗinki, wadda ta taso daga unguwar Herwagana ita da mijinta kafinta. A ɗakin ƙarshe akwai Nana Hauwa mai tuyar waina, mijinta Ɗantala yana jingine a bakin ƙofa. Direba ne a da, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi.

Zaharadeen ya fara bayani, sai ya lura ashe duk sun riga sun ji. Ya zo da shirin jin hayaniya, amma ba wanda ya ɗaga murya. Wasu ma har sun fara ɗaure kaya.

Nana Hauwa ta gyara mayafi ta ce, “Ranka ya daɗe, mun san ba mu da ta cewa, gida ba namu ba ne. Alfarma ɗaya muke nema. A ɗan jinkirta mana yara su gama jarrabawa, ni kuma in samu inda za a karɓe mu. Na je wurare da yawa, da sun ji ina da majinyaci sai su ce ɗakin an kama.”

Ya tambaye su ko akwai wanda ya zo ya ji ra'ayinsu tun da aka fara maganar. Sadisu ya yi 'yar dariya ya ce, “Kansila, ana tambayar ɗan haya ne?”

Maganar nan ta bi shi har gida. Ya zauna ya auna abin da idon basira. Idan aka bi ta gidansu, zaure da ɗaki ɗaya za su rasa, akwai fili a baya, kuma za a biya su. Idan aka bi ta gidan hayar, iyalai da yawa ne za su watse, kuma ba wanda za a ba ko sannu. Ya kuma gane cewa duk waɗanda suka ce magana ta ƙare, har da shi kansa, masu bakin magana ne. Waɗanda abin zai faɗa wa ba a ma sako su cikin zancen ba.

Da safe ya shiga wurin Inno ya durƙusa. Ya ba ta labarin abin da ya gani, ya ce ba zai iya tsayawa a majalisa ya nemi a kori mutanen nan ba. Ya roƙe ta ta yafe masa alkawarin da ya yi mata. Inno ta juya fuskarta ga bango.

Babayo kuwa da ya ji, a tsaye ya iso. Ya ce, “Kujerar da ba ta kare ɗakin uwarka ba, mene ne amfaninta? Saboda baƙin da gobe za su kwashe kayansu su yi gaba?”

Zaharadeen ya ce, “Hamma, ka yi haƙuri. Su ma ni suka zaɓa.”

A zauren majalisa ya miƙe ya nemi a bi miƙaƙƙiyar hanya. Ya ce gidan da za a taɓa nasu ne, don haka kada kowa ya ji nauyinsa. Ya lissafa musu mutanen da ya gani a gidan hayar da halin da suke ciki. Shugaban majalisa ya dube shi ya tambaye shi ko ya shawarci mutanen gidansu. Ya ce ya faɗa musu, ba su yarda ba. Daga baya aka kaɗa ƙuri'a, aka amince da abin da ya nema.

Kafin katafila ta iso, Inno ta sa aka haɗa mata kayanta. Ta tafi garin Kwadon wurin 'yarta Fatimatu, ba ta yi masa sallama ba.

Ranar rusau yana tsaye a wurin har aka gama. Waɗanda suka gan shi sun ce hawaye yake ta sharewa da hularsa.

Abin da ya biyo baya bai yi masa daɗi ba. A majalisun shayi aka riƙa nuna shi ana cewa ga wanda ya rushe ɗakin uwarsa don neman suna. Babayo ya daina ɗaga wayarsa. Diyyar ma ba ta fito da wuri ba, sai zana aka kafa a madadin katanga.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, zai hau babur ya tafi Kwadon. Zai durƙusa a bakin ƙofa ya gaida Inno. Ta amsa daga bayan labule a taƙaice, ba ta fito ba. Ya zauna na ɗan lokaci, ya ajiye abin da ya kawo, ya juyo. Fatimatu ta ce masa ya ɗan ɗaga ƙafa har ta huce. Ya ce a'a, fushinta yana kan hanya, shi kuma gaisuwa wajibinsa ce.

Wata Asabar da safe ya ji sallama. Ya fito ya ga Sadisu magini da mijin Rahila da sauran mazan gidan hayar, da shebur da kwanon kwaɓa da amalanken bulo. Suka ce sun zo fitar da tushen ɗaki a bayan gida. Zaharadeen ya ce ba zai yiwu ba, su da suke fama da kansu.

Sadisu ya ce ai ba shi za su gina wa ba, Inno za su gina wa. Ya ce duk sun san ɗa ba ya yin irin wannan sai uwa ce ta sa shi.

Zaharadeen ya buɗe baki zai yi magana, sai ya fasa. Ba zai tona asirin mahaifiyarsa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, duk wani alheri da suka gani a wurinsa, a hannunta ya koya.

Suka riƙa zuwa bayan sun tashi daga nasu aikin. Wani ya kawo yashi, wani ya kawo ragowar kwano daga inda ya yi rufi, mijin Rahila ya haɗa ƙofa da taga. Sannu a hankali ɗaki ya tashi.

Da aka gama shafe, matan suka ce bai dace a ce har yanzu ba su je sun yi godiya ba. Nana Hauwa ta soya waina ta cika kwano, Rahila ta ɗinka riga da zane, suka shiga mota sai Kwadon. Ba su faɗa wa kansila ba.

Inno ta karɓe su ba tare da ta san ko su waye ba. Da suka faɗa mata, fuskarta ta canja. Amma Nana Hauwa ba ta lura ba, ta ci gaba da godiya. Ta ce yara sun yi jarrabawarsu a natse. Ta ce mijinta har ya fara takawa yana dafa bango, kuma da an tashe su a lokacin ba ta san inda za ta kai shi ba. Ta ce kullum suna yi mata addu'a, Rahila ma ta ce haka suke yi a cocinsu.

Sai Inno ta tambaya ko Autan ne ya ce musu ita ta sa shi. Suka faɗa mata abin da ya ce.

Sai tsohuwa ta fashe da kuka. Ta ce, “Ku ɗauki kayanku, 'ya'yan nan, ba ni na cancance su ba. Ni ban sa shi ba. Roƙonsa na yi a bi ta kanku.”

Sai Nana Hauwa ta matsa ta riƙe hannunta ta ce, “Inno, ko ni ce haka zan roƙa. Amma dai ɗakinki ne ya tafi, namu ya tsaya. Godiyar tana nan yadda muka kawo ta.”

A motar da suka zo, a cikinta Inno ta biyo su.

Zaharadeen ya dawo daga ofis ya tarar da takalman mata a ƙofar sabon ɗakin. Ya leƙa, sai ga mahaifiyarsa zaune a kan tabarma sanye da sabuwar riga, matan gidan haya kewaye da ita. Ya durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda ya saba.

Ta ce ya shigo. Ya shiga. Ta ɗora hannu a kansa a gaban kowa ta ce, “Auta, na roƙe ka abin da bai kamata ba, ka ƙi, kuma ba ka taɓa ɗaga mini murya ba. Da babanku yana raye, abin da ka yi shi zai yi. Allah ya yi maka albarka.”

Babayo ya ɗauki lokaci kafin ya sauko, har sai da Inno ta kira shi ta yi masa faɗa. Masu surutu kuwa wasu sun daina, wasu har yau suna yi. Zaharadeen bai damu ba. Abin da ya yi ta zarya zuwa Kwadon yana nema, ya samu.

Darasi: Idan Allah ya ba ka kujera, komai ƙanƙantarta, kafin ka yanke hukunci ka je ka ga fuskokin waɗanda zai faɗa wa, musamman waɗanda ba a tambayarsu. Idan kuma gaskiya ta sa ka saɓa wa naka, ka saɓa cikin ladabi, ka yi haƙuri, kada ka yanke zumunci. Ku tura wa kansilan mazaɓarku, ku tura wa duk wanda aka damƙa wa amanar jama'a.