Kurege da Gyaɗar Baƙi

Ga ta nan, ga ta nanku, in kun natsu.

Ta zo mu ji ta, Baba.

Akwai wani kurmi da hukuma ta hana farauta da saran itace a cikinsa. Ko da rana tsaka duhu ne, ganye na ɗigar da ruwa ko ba a yi ruwan sama ba. Baƙi sukan zo daga nesa su ratsa shi a ƙafa, wani tsohon jagora mai suna Jatau yana gaba da sandarsa, suna biye ɗaya bayan ɗaya. Dokarsa biyu ce: ba surutu, ba ciyar da dabba. In sun ci guzuri, har ɓawon gyaɗa sai ya tsince.

Wannan tsintar ita ta dami Kurege.

Sai ya tara namun daji, ya ce musu abin nan da baƙi ke ɗagawa saitin ido, in ya yi ƙyas, ya yanki inuwar dabba ke nan, wanda inuwarsa ta ƙare kuwa sai kabari. Kowa ya ɓuya, shi zai tsaya a hanya a madadinsu. Giwa ta sa masa albarka. Ɓauna har da hawaye.

Baƙi su yi ta tafiya tun safe, ba giwa, ba ɓauna, ba biri, sai Kurege. Don takaici, in Jatau ya juya baya su jefa wa Kurege gyaɗa. Yau Kurege, gobe Kurege, jibi Kurege. Baƙi suka daina zuwa.

Rannan Jatau ya zauna shi kaɗai a gindin wani maɗaci, yana magana da sandarsa. Ya ce, "Shekara talatin muna bin hanyar nan. Ranar Talata mai duba kurmi zai zo daga hukuma. In bai ga dabba ba, masu katako za a ba kurmin."

Ramin Kurege kuwa a ƙarƙashin saiwar maɗacin yake.

Da ya ji haka, ya ruga wurin Giwa. Ya ce, "Ranki ya daɗe, na yi ta roƙon baƙi har sun yarda. Ranar Talata za a mayar wa kowa inuwar da aka yankar masa a baya. Amma sai wanda ya tsaya bakin hanya."

Ranar Talata suka jeru tun daga rafi har tudu, kowa yana leƙen ƙasa ya ga ko tasa ta ƙaru. Mai duba ya gani, ya rubuta, kurmi ya tsira. Jatau ya share ido da hannun riga.

Da aka watse, Ɓauna ta ƙare wa Kurege kallo. Ta ce, "Ƙanena, kai da aka yi ta yanka kullum, yaya ka yi ƙiba haka?"

Ya ce, "Ƙiba, Yaya? Kumburi ne."

Tausayi ya kama Giwa, ta ce wahalar da ya sha dominsu ta isa. Daga ranar, duk sa'ad da baƙi za su wuce, sai a shigar da shi rami, Damisa ta kwanta a bakin ramin don kada ya sake sadaukar da kansa. Yana daga ciki yana jin ana ɓare gyaɗa.

Kurunkus. In ka ce wa mutane ana cin ka da rai, to, ka daure ka rame.