Buzun Dagaci

Sawun mahaifin Tanimu bai gama gogewa a gona ba, Alhaji Barau ya kafa rumfa a ciki. Tanimu, yana cikin makoki, ya kai ƙara gaban dagaci.

Dagaci ya ce, "Malamin makaranta ya gaya mini kalmar mallaka ta Turawa daga harshen Latin take, asalinta zama a kan abu. Alhaji ya zauna, gona tasa ce."

Tanimu ya ce, "Ranka ya daɗe, ko wa ya zauna?"

"Ko wa!"

Da dagaci ya tashi alwala, Tanimu ya haye buzun sarauta, ya harɗe.

Dagaci ya dawo, ya daka tsawa, "Kai, ɗan nema! Tashi!"

"Malam, sassauta murya, gaban dagaci kake."

Fadawa suka kwashe da dariya, wani har da faɗuwa gaisuwa.

"Tashi don Allah, gonar ubanka ce!"

"Madalla. Dama hukuncin da zan yanke ke nan."