Mutumin Da Bai San Sunan Ubansa Ba

Ku gyara zama, ku da ba ku gajiya da musu. Na zo muku da magana, amma kada wanda ya tsinka mini ita sai na kai ƙarshe.

An yi wani mai sayar da goro a Zangon Kumasi, ana ce masa Malam Cindo. Ba a can aka haife shi ba. Uwarsa Hurera ce ta goyo shi daga ƙasar Hausa a wata shekarar yunwa, bayan mijinta ya rasu. Matar nan irin mutanen da ce, har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunan mijinta ba. In yaron ya tambaya sai ta ce "maigidan nan namu", ta kau da kai. Shi kuma yana jin nauyin ya tsare uwarsa a kan haka, kullum sai ya ce gobe, har ƙasa ta rufe ta. Ban ce kunya ba ta da kyau ba, amma wannan dai ta bar mutum ya yi furfura bai san sunan ubansa ba.

Da tsufa ya kama shi, ciwo ya sa shi a gaba, ya kira 'ya'yansa mata uku, Tasalla da Gwamma da Lantana, ya ce abu guda ya rage masa a duniya: a binne shi kusa da ubansa. Mutanen zango suka ce ya haƙura, ƙasa duk ta Allah ce. 'Ya'yan suka ce sun ji, amma ba su yarda ba.

Tasalla, babbar, a ɗakin kakarsu ta tashi, kuma ba ta da mantuwa. Ta san tsohuwar takan ce garinsu Unguwar Maje, mijinta ɗan gidan masaƙa ne, akwai rijiya mai baki biyu, kuma matan garin suna yanka gauta a miyar kuka. Mijin Tasalla ya ce in ta tafi kada ta dawo, ta ce Allah ya ba shi wadda ta fi ta. Ta shiga ƙasar Hausa tana bin kasuwa kasuwa, ana yi wa Hausarta ta zango dariya, kowa ta tambaya sai ya ce bai taɓa jin sunan garin ba. Ashe garin ya tashi tun da daɗewa, mutanensa sun watse. Damina ta wuce ta a hanya, takalmanta suka ƙare. Ran nan a wata kasuwa ta sayi tuwo, ta kai loma, sai ta tauna gauta a cikin kuka. Ta ajiye kwanon ta fashe da kuka har mai tuwon ta tsorata. Mai tuwon nan ce ta nuna mata kufai da rijiyar, ta kuma faɗa mata masaƙan sun koma Tudun Wake.

Aka ɗauko Malam Cindo aka kawo shi. Mai riƙe da gidan masaƙa a lokacin wani ne Mantau, mutum mai faɗin gona da ƙuncin zuciya. Yana ganin baƙi ya hango rabon gado. Ya bari aka gama gaisuwa, sannan a gaban jama'a ya ce, "To, Malam, wane ne ubanka?"

Tsoho ya sunkuyar da kai. Mantau ya ce a shekarar yunwar nan mazan gidan da yawa sun mutu, matansu da yawa sun tafi da goyo, ba zai buɗe ƙofa ga duk wanda ya zo da labari ba. Suka fito, wata mai koko ta ba su ɗaki a bayan gari.

Gwamma, ta tsakiya, ba ta yi musu da kowa ba, ta dai ƙi zama baƙuwa. Ba a gayyace ta ba, amma in ana suna a dangin masaƙa tana can tana wanke tukwane, in ana biki tana kan turmi, in an yi rasuwa ita ce ta farko a tabarma. Aka harare ta, aka yi mata habaici, aka taɓa ɓoye mata takalmi, washegari ta dawo da wani. Ta karɓi lambar wayar kowa, har ta kai ta fi Mantau sanin wadda ta haihu a Funtuwa da wanda ƙafarsa ta karye a Gusau, matan gidan suka koma tambayar ta labarin 'yan'uwansu. A wurin wata sadakar bakwai ta ga an ware tuwo an ce na Goggon ƙetare ne, amma ba wanda ya tashi kai shi. Ta ɗauka ta haye rafi. Can ta sami Goggo Dela, makauniya, wadda ta fi kowa shekaru a zuriyar, dangi sun manta da ita a ɗaki. Da Gwamma ta ambaci Hurera, tsohuwar ta ce, "Wadda ta tafi da yaron nan mai yatsa shida?" Sai dai 'ya'yan Dela suka ce uwarsu ba ta zuwa ko'ina, don Mantau ya riga ya aiko musu da kashedi. Gwamma ta ce ita ma ba ta zuwa ko'ina, ta zauna tana yi wa tsohuwar wanka da wanki, tana jiran su gaji.

Kafin su gaji, Mantau ya matsa wa mai koko har ta fitar wa Malam Cindo da 'ya'yansa kayansu waje. Jikin Malam Cindo ya yi nauyi, zuciyarsa ta karaya, ya ce a nemo mota, gara ya mutu a hanya da wannan wulaƙanci. Tasalla ta tafi tasha tana hawaye. Lantana, auta, wadda tun farko take cewa wannan tafiya wahalar banza ce, ita ce ta durƙusa ta ce, "Baba, ku yafe mini, yau ba zan bi maganarku ba." Ta sa aka ɗauke shi har ƙofar zauren masaƙa, ta shimfiɗa masa tabarma, ta kafa zanenta ya yi masa inuwa, ta zauna a gefensa. Mantau ya fito yana kumfar baki.

Ta ce, "Baffa, ku kira duk wanda za ku kira. Ko ku buɗe masa ƙofa yana da rai, ko ku tsallake gawarsa in za ku masallaci."

Aka watsa mata ruwan wanke-wanke, ba ta motsa ba. Mai unguwa ya zo ya ba ta baki, ta gaishe shi da ladabi ta koma ta zauna. Mota ta zo ta yi ta hon har ta gaji ta tafi. Rana ta dake su, ruwan sama ya dake su, tana nan tana ba ubanta kunu da cokali, gari duka ya koma zancensu.

Can ƙetare kuwa 'ya'yan Dela sun gaji sun sakar wa Gwamma uwarsu. A haka amalanke ta shigo gari, Gwamma na gaba, Goggo Dela na kwance a ciki. Aka sauko da ita ta lalubi hannun tsohon, ta shafa tabon da ke gefen ƙaramin yatsansa, ta ce, "Ni na riƙe ka ranar da wanzami ya cire shi. Kai ɗan yayana Haladu ne." Malam Cindo ya ce Haladu. Ya sake cewa Haladu, a hankali, kamar yaro mai koyon magana.

Aka shigar da shi gida. Bai ga kaka ba ya cika, aka kai shi tsohuwar maƙabartar Unguwar Maje aka binne shi a gefen Haladu. Goggo Dela ma ba ta jima ba ta bi shi.

Mantau bai huce ba. Bayan sadakar arba'in ya tara 'ya'yan mamacin ya ce gona ba su nema ba, ba kuma za a ba su ba, amma ɗakin da aka ware da sunan Haladu tun da masaƙa suka koma Tudun Wake yana nan, kuma ɗaki ɗaya ne. Wadda ta zauna a cikinsa ita ce 'yar gida, da ita za a riƙa shawara, 'ya'yanta za a ƙirga a zuriya. Sauran biyun in sun zo, baƙi ne. Ya ce su zaɓa, ya naɗe hannu yana jiran su kama wuyan juna.

Ba su kama ba, gare ku suka kawo maganar. To, Tasalla da ta gano garin, da Gwamma da ta gano mai shaida, da Lantana da ta hana tsohon juyawa, wacce za ku buɗe wa ɗakin Haladu, kuma da wane ido za ku kalli biyun da kuka bari a waje?