Landan ɗin Dakta Hashimu

Jama'a, ku matso ku ji zaluncin da ba a taɓa yi wa ɗan Adam irinsa ba. Dakta Hashimu aka yi wa, malamin jami'a mai koyar da manya ta kwamfuta, mutumin da ko tari zai yi sai ya gyara hula. An ɓalle masa ƙofa, an kuma nuna wa duniya gwiwoyinsa!

Matarsa ta tafi gidansu haihuwa, shi kaɗai ne a gida. Ya sa hoton wani katafaren ofis a bayansa, ya ce wa ɗalibai daga Landan yake magana. Ran nan ya sha maganin ciwon suga, ya ƙi karyawa don kada tumbi ya fito a kyamara. Ana tsakiyar darasi gumi ya karyo masa, harshe ya yi nauyi, ya kife a kan tebur.

Ɗalibai suka ce netwok ne. Sai Asabe, ma'aikaciyar jinya mai sauraro daga Gusau, ta ce, "Wane netwok? Sugansa ne ya faɗi. In ba a sa masa zuma a baki yanzu ba, sai dai gawa."

To wa zai kai zuma Landan? Wata ɗaliba, Hajiya Dije dillaliya, wadda ba lungun da ba ta taka ba a Kano, ta ce kowa ya yi shiru. Ta kasa kunne. "Landan ɗin wa? Wannan ƙarar injin markaɗen Tsalha ce a Gwammaja. Gidan Dakta a jikin injin yake!"

Kuluwa, malamar firamare, a unguwar take, tana daka tana bin darasi a waya. Ta suri taɓarya da kwalbar zuma, ta ruga, ta daki ƙofa har ta faɗi. Aji duka suna kallo ta shafa masa zuma a dasashi. Ya farfaɗo, ya miƙe: sama babbar riga, ƙasa gajeren wando.

Har yau mitar ƙofar yake yi. In an tuna masa wanda ya ƙi karya kumallo, sai ya gyara hula ya ce, "Ni ne, amma wannan magana daban ce."

Matarsa ta haifi mace, ya kuma rantse zai yi wa wadda ta ceci ransa takwara. Jaririya ɗaya, mata uku. To ku faɗa mini, sunan wa za a raɗa mata?