Alkawarin da Sadisu Ya Yi a Tsagar Dutse

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Yau shari'a na kawo muku, kuma ba ta mutanen da ba ce, ta maƙwabcina ce, Sadisu mai gyaran rediyo. An yi masa haihuwa, 'ya mace, gobe suna. Rago na ɗaure, goro ya iso, amma har yanzu ba wanda ya san sunan da liman zai faɗa da safe, har shi uban. Ɗazu ya same ni ya zube mini damuwarsa, ni kuma na ce sai na ji ta bakinku.

Abin ya faro ne a ƙarshen daminar da ta wuce, lokacin hutun makaranta. Matar Sadisu, Saratu, tana da ƙanwa mai suna Zulai, malamar makaranta, siririya, wadda ba ta iya zama wuri ɗaya. Ita da ƙawayenta sun hau duwatsu da dama, ba don itace ba, ba don neman tunkiyar da ta ɓata ba, don kawai su kai ƙololuwa su ga abin da ke bayanta, su ɗauki hoto su sauko. A zamaninmu wanda ya yi haka sai a nema masa magani. Amma na ga hotunan, kuma ba zan ɓoye muku ba, sun ba ni sha'awa.

Zulai ce ta tayar da maganar a fita da iyali gaba ɗaya zuwa Dutsen Mai Tsagu, wanda ke bayan ƙauyen da aka haifi mahaifiyarsu, Hajiya Kubura. Da Hajiya ta ji, ta ce ko da ciwon gwiwa sai ta je ta nuna wa jikokinta inda take tsinkar ɗinya tana yarinya. Aka gayyaci Hindatu, yayar Sadisu, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ita ta tashi da asuba ta turara dambu, ta zuba a kwanoninta. Aka cika mota biyu da manya da yara aka kama hanya.

To, Sadisu mutum ne mai hali biyu. Na farko son sanin ƙwaƙwaf: in ya ga abu a rufe, ba ya samun barci sai ya ga cikinsa. Na biyu kunyar suruka. Kowa na jin nauyin surukarsa, amma nasa ya wuce misali. Tun da ya auri Saratu bai taɓa kai ko ruwa bakinsa a gaban Hajiya ba. Ita ma haka, sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. In tana son tambayarsa sai ta ce wa 'yarta, "Ina mutumin gidan naku?"

Da aka isa, Saratu ta zauna a gindin wata tsamiya da ƙananan yara, don tana da ƙaramin ciki. Sauran suka hau, Zulai a gaba, Hajiya na dogara sanda tana nuna wa yara itatuwa tana faɗa musu sunayensu. Aka kai wani falalen dutse mai faɗi, aka shimfiɗa tabarmi, aka buɗe dambu. Hindatu ta cika wani kwano mai shuɗin murfi ta danƙa wa ƙanenta, ta ce, "Ungo, tun safe ba ka ci komai ba. Je ka can bayan dutse ka ci, tunda kai ba ka ci a gaban mutane."

Ya zagaya bayan dutsen, sai ya ji har yanzu muryar Hajiya na iso masa. Ya ƙara gaba. Ya cinye dambunsa, ya rufe kwanon, sai ga rema, 'yar dabbar nan ta cikin duwatsu, ta leƙo daga wani rami tana kallonsa. Bai taɓa ganin rema ido da ido ba. Ya ce bari dai ya ga inda wannan dabba take kwana. Ya ɗora dutse a kan kwanon, ya bi ta, yana ɓare gyaɗar da ba ta rabuwa da aljihunsa. Rema ta tsallake wata tsaga, shi ma ya ɗaga ƙafa, ashe gansakuka ce a bakin wurin. Santsi ya kwashe shi, ya zurma ciki. Ƙirjinsa ya maƙale tsakanin duwatsu biyu, ƙafarsa ɗaya ta shige wani lungu a ƙasa, wata saiwa kuma ta kama wandonsa ta yage shi tun daga ƙugu. Ya buɗe baki zai yi ihu, numfashin ma da ƙyar yake fita.

A nan ne ya yi alkawarin da ya hana shi barci yau. Ya ce, "Ya Allah, in ka fitar da ni daga nan, abin da ke cikin Saratu sunan wanda ya cece ni zai ci." A zatonsa mutum ɗaya ne zai zo ya miƙo masa hannu.

Can a falalen dutse kuwa, hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Aka naɗe tabarmi aka gangaro a gurguje. Waɗanda ke motar Hajiya suka ce ai Sadisu ba zai shiga nan ba, yana ɗayar. Waɗanda ke ɗayar suka ce ai yana waccan motar wajen matarsa. Direbobi suka tayar da mota, ba wanda ya ga giɓi.

Hindatu ce ta sha gaban motar farko ta tsaya. Tana haɗa kwanoninta ta ga babu mai shuɗin murfi. Aka ce mata, "Haba Yaya, kwano ɗaya ne zai sa ruwa ya dake mu?" Ta ce, "Ba kwano nake nema ba. Ni na raini Sadisu, da bulala na koya masa mayar da kwano inda ya ɗauko shi. In kwanon bai dawo ba, shi ma bai dawo ba." Aka leƙa motocin biyu, ba ya nan. Ta ɗaure gyalenta a ƙugu ta koma dutsen, manya suka bi ta. Ta iske kwanon da dutse a kansa, ta ce wanda ya danne murfi yana da niyyar dawowa. Daga nan ta sunkuya tana bin ɓawon gyaɗa, ɗaya nan ɗaya can, har ya kai su wani fili na dutse tsantsa mai tsagu barkatai, wasu a buɗe, wasu ciyawa ta rufe. A nan iska ta riga ta share ɓawon, sawu ya ƙare.

Aka warwatsu ana kira. Wannan ya ce "Malam!", wancan ya ce "Mai rediyo!", Hindatu ta kira shi har muryarta ta dushe. Shiru. Shi dai ya ce mini a lokacin hankalinsa ya fara gushewa, kiran yayarsa kuma ya riƙa jin sa kamar wanda take yi masa da asuba yana yaro, wanda ya saba juya baya ya ƙara barci. Wasu kuma sun ce ya ji sarai, amma ya jiyo tarin Hajiya a cikin masu nema, ga shi ba wando, ya gwammace ya yi gum. Ni na san Sadisu, kuma duk biyun na yarda da su.

Hajiya Kubura ta hawo ne ba wanda ya lura, tana jan ƙafa, gwiwa ta kumbura. Ta tsaya tana kallon hadarin da ya riga ya rufe rana. Ita ta san dutsen nan tun tana yarinya, ta san in ruwa ya sauko duk tsagun nan magudanai ne. Sai ta jefar da sandarta, ta sa hannu biyu a baki, ta ɗaga murya: "Sadisu! Sadisu ɗan Mamman! Ni ce Kubura nake kiran ka, ka amsa mini!"

Kowa ya daskare a inda yake. 'Ya'yanta ma ba su taɓa jin wannan suna a bakinta ba. Can daga ƙarƙashin wata ciyawa, nesa da inda ake ta nema, wata siririyar murya ta fito: "Na'am, Hajiya. Ina wuni?"

Aka ruga aka yaye ciyawar, ga shi can ƙasa, kansa kawai ake hangowa. Sai ruwa ya ɓarke. Maza suka gwada shiga, kafaɗa ta ƙi wucewa. Aka ƙulla gyaluluwa da zannuwa aka zura masa, amma hannunsa bai kai ba, kuma ko ya kama, ƙafar na maƙale. Ruwa kuwa ya fara kwararowa cikin tsagar.

Zulai ta ce a ɗaura mata igiyar zannuwan a ƙugu. Hajiya ta ce, "Ke, kada in rasa biyu." Ta ce, "Inna, ni na kawo shi nan." Ta soke gorar man gyaɗan da ya rage na dambu a ƙugunta, ta zura jiki ta gefen da ya fi faɗi, duwatsu na kartar ta. Ta wuce shi ta gangara ƙasa, inda ruwa ya riga ya kai mata ƙirji, ta nutsa hannu ta lalubo ƙafarsa, ta kwance igiyar takalmin ta zare ƙafar ta bar takalmin a lungun. Ta hawo ta tsiyaya masa man a ƙirji da baya, ta kwance igiyar daga jikinta ta ɗaura masa a hammata. Duk wannan tana tsokanarsa don kada ya suma, tunda ita abokiyar wasansa ce. Da ta ce a ja, sai ya rirriƙe dutse ya ce shi ba zai fita haka ba, Hajiya na waje. Zulai ta kwance zanen da ta ɗaura a kan dogon wandonta ta ce, "Mijinmu, ko ka fita da zanena, ko in bar ka ka kwana da remarka." Aka ja shi ya sulluɓo, sannan aka mayar da igiya aka jawo ta, ruwa na dukan fuskarta.

Haka Sadisu ya fito gaban surukarsa, sharkaf da mai, ƙafa ɗaya ba takalmi, ɗaure da zanen mace mai furanni. Hajiya ta juya fuskarta gabas, hawaye na zuba, ta ce, "Ku tambayi mutumin ko ya ji ciwo." Daga ranar zuwa yau ba ta sake faɗin sunansa ba. Da aka waiwaya, tsagar ta cika da ruwa har baki.

Yanzu Saratu ta sauka lafiya, kuma mace ce, don haka mazan da suka ja igiya sun fita daga magana. Saura mata uku, suna ɗaya.

Ga Hindatu. Da ba ta tare mota ba, da sai an kai gida kafin a gane babu shi, kuma da ba ta bi ɓawon gyaɗa ba, dutsen nan ya fi ƙarfin nema. Sai dai ita ce ta ce masa ya tafi bayan dutse. In ya zaɓe ta, dangin matarsa za su ce jininsa ya fifita.

Ga Hajiya Kubura. Da ba ta hau da kumburarriyar gwiwa ta ajiye kunyar da ta riƙe shekara da shekaru ba, da suna can suna leƙa tsagun da babu kowa har ruwa ya rufe shi. Sai dai nauyinta ne ya kore shi daga cikin mutane tun farko. In ya zaɓe ta, yayar da ta raine shi za ta ji zafi, kuma shi har abada ba zai iya kiran 'yarsa da sunanta ba.

Ga Zulai. Da ba ta shiga ba, da gano shi da jin muryarsa duk sun zama kallon mutum yana nutsewa. Ita kaɗai ta sa ranta a ramin. Sai dai ita ta shirya tafiyar, kuma ita ce ƙarama. In ya zaɓe ta, ya tsallake manya biyu a bainar jama'a.

Na ce masa ya haɗa sunayen uku, ya ce ba haka ya yi da Ubangijinsa ba, mutum ɗaya ya ambata. Na ce ya tambaye su, ya ce ya tambaya. Hindatu ta ce a ba Hajiya. Hajiya ta aiko cewa a ba yarinyar da ta shiga ruwa. Zulai ta ce in da yayarsa ba ta tare mota ba, wa za ta shiga ta ɗauko? Kowace ta ture, amma Saratu ta gaya masa dukansu ukun sun ɗinka sabon kaya na gobe.

Liman zai zo bayan sallar asuba, kuma suna ɗaya zai faɗa. To, ku da ke zaune nan, Hindatu, Hajiya Kubura ko Zulai, sunan wace ce ya kamata jaririyar nan ta ci?