Rantsuwar Sarki Tunau a Ƙofar Kowa

An ce wai a zamanin da, tun bindiga ba ta shigo ƙasar nan ba, an yi waɗansu manoma a wata doguwar fadama da ake kira Dagwalo. Shinkafa suke nomawa, su yi kamun kifi da rani, kuma tun kaka da kakanni ba su taɓa naɗa sarki ba. Kowane magidanci shi ke da gonarsa da rumbunsa. In gardama ta tashi, sai a taru a gindin wata tsamiya a saurari dattawa. A cikin dattawan nan babu wanda ake jin maganarsa kamar Nomau, wani dogon tsoho mai sanyin murya, wanda ya tsufa yana raba faɗan ruwa tsakanin ƙauyukan tudu da na gangare.

Gabas da su akwai Birnin Zangaru. Sarkinsa Tunau jarumi ne, mai wayo kuma, ya ci garuruwa da dama. Wata shekara ya aiko cewa yana son rabon shinkafa, da samarin da za su yi masa aikin ganuwa. Mutanen fadama suka ba manzon fura ya sha, suka ce ya gaida sarki, amma su ba bayin kowa ba ne.

Da damina ta ja baya, Tunau ya taso da kansa, da dawakin lifidi da 'yan sulke da 'yan baka. Hanya ɗaya ce ke shiga fadamar, wani siririn tudu mai taɓo dama da hagu. Manoma suka bar rundunar ta shigo har tsakiya. Arzika, jagoran samarin tudu, ya tare gaba da ƙaya da kututture. Ciwake, jagoran samarin gangare, ya fasa madatsar da suke tare ruwan shinkafa da ita. Kafin rana ta take, ruwa ya kai ƙirjin doki. Lifidi auduga ce, da ya sha ruwa sai ya zame wa doki da mahayinsa kaya. Na gaba suka kasa wucewa, na baya suka kasa juyawa. Manoma suka faɗo musu da gatura da masun kifi da kulake, suna tafiya cikin taɓon nan kamar a tsakar gidansu. An yi mummunan yini. Rundunar Zangaru ta watse, aka kama sarki da ransa, dokinsa ya nutse har wuya. Amma fadama ma ta biya, don gidaje da yawa sun yi rashi. Ɗan Nomau na fari yana cikin waɗanda aka ɗauko a kan kara.

Bayan an rufe matattu, aka kawo Tunau gindin tsamiya tare da sauran kamammu. Waɗansu suka ce a kashe shi. Nomau ya ce, "In muka kashe shi, gobe Zangaru ta naɗa ɗansa, ya zo neman jinin ubansa, kuma ba zai zo lokacin ruwa ba. Abin da muke so alkawari ne. Ya rantse ba zai sake tako mana ƙasa da yaƙi ba, mu sake shi."

Sarki ya dubi taron, ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Dattijo, ka faɗi gaskiya, kuma zan rantse. Amma sarki ba ya ɗaura alkawari da taron yuyuyu. Sarki da sarki ake rantsuwa. Ku naɗa ɗaya daga cikinku, in dafa hannunsa, in ba shi tambarina da rawanina na biyu, in kira shi ɗan'uwa. Ga jarumai biyu nan da suka kayar da ni. Wanne ne babba?"

Wuri ya ɗauki hayaniya. Mutanen tudu suka ce ai Arzika ne ya tsaya gaban mashi. Mutanen gangare suka ce in ba don ruwan Ciwake ba da yanzu ungulu na cin Arzika. Nomau ya ga samarin da jiya suka yi jini tare, yau kowa yana laluben ƙotar gatarinsa. Ya dubi sarki, ya ga murmushi a gefen bakinsa. Nan ya gane cewa abin da doki ya kasa yi, harshe na shirin gamawa. In suka naɗa sarki, sun sa wa kansu linzamin da suka zubar da jini don gudunsa, kuma ɓangaren da ya rasa zai bi Zangaru. In suka ƙi, babu rantsuwa, sai kisa ko sakin banza.

Arzika ya matso ya durƙusa. Ya ce, "Baba, kai za ka raba. Wanda ka nuna, shi ne." Amma idonsa na kan rawanin. Ciwake ma haka.

Tsoho ya miƙe, ya dogara sandarsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, maganarka dutse ce. Sarki da sarki ake rantsuwa, ba za mu rage maka daraja ba. Sai dai an ba ka labarinmu ba daidai ba. An ce maka ba mu da sarki. Mu kuwa yawan sarakuna ne ya hana mu naɗa ɗaya. Ba ka ji ana cewa kowa a gidansa sarki ne ba? A wani wuri karin magana ce, a nan ita ce dokarmu. Duk mai rumbu a fadamar nan, ba wanda ke buɗe masa shi sai da izininsa. To, tunda ka ce sai sarki, za mu kai ka wurin sarakunan. Ƙofa ƙofa za ka bi, ka yi sallama, maigida ya fito, ka rantse masa. Ranar da ka gama da gida na ƙarshe, ga hanyarka."

Murmushin sarki ya ɗauke. Ya ce, "Wannan wasa ne, tsoho."

Nomau ya ce, "Wanda ya binne ɗansa jiya ba ya wasa yau. Kai ka kafa sharaɗi, mu kuwa cika maka kawai muka yi."

Wani daga baya ya yi dariya, dariya ta bi taron. Arzika ya dubi Ciwake, kunya ta kama su duka biyu, kowa ya saki ƙotarsa. Nomau ya ce su biyun su za su raka sarki, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kada ko yaro ya jefe shi da ɓawon gyaɗa.

Haka aka yi. Tunau ya bi fadama da ƙafa, kamammun mayaƙansa na biye suna kallo. A kowace ƙofa ya dafa ƙasa, ya rantse da Allah da kabarin ubansa. Wani ya ba shi ruwa, wani ya tsaya ƙerere ya ji rantsuwar ya koma ciki. Da suka iso wani gida a gangare, wata mata mai suna Gwamma ta fito, mijinta ya mutu a yaƙin. Sarki ya ce a kira masa maigida.

Ta ce, "Kai ka aika shi inda ba a kira. Yanzu rumbun nan ni ke buɗe shi."

Sarki ya waiwayi Nomau. Tsoho ya ce, "Ranka ya daɗe, ga sarkin gidan nan a gabanka."

Tunau ya sunkuya ya dafa ƙasa, kuma waɗanda suke wurin sun ce a nan ne kaɗai muryarsa ta yi rawa.

Gidan Nomau ne na ƙarshe, a lokacin shinkafar da ta tsira ta isa yanka. Da sarki ya gama rantsuwa, tsoho ya sa aka kawo masa doki, aka ba mutanensa guzuri. Tunau ya ce, "Dattijo, da kana fadata, da kai ne waziri."

Nomau ya ce, "Allah ya ja zamaninka. Ai sarki ba ya barin sarautarsa ya je wazirci."

Bayan shekaru, fadawan Zangaru suka zuga sarki cewa ya koma Dagwalo da rani, lokacin da taɓo ya bushe. Ya ce musu, "Da mutum ɗaya na yi wa alkawari, da na jira mutuwarsa, ko na saye shi da riga, ko na haɗa shi da ƙaninsa. Amma na rantse a ƙofar kowa, a gaban mayaƙana. Wa zan saya? Mutuwar wa zan jira? Ku bar mutanen nan da shinkafarsu." Har ya rasu bai sake fuskantar Dagwalo ba, kuma ya yi wa ɗansa wasiyya da haka.

Shi ya sa masu hikima suka ce, 'yancin da aka damƙa a hannun mutum ɗaya, da riga ɗaya ake saye shi. Wanda kowa ke riƙe da gefensa kuwa, ko sarki sai ya yi sallama.