Otar da Rassan da Ya Ƙona

Akwai wani mutum a ƙauyenmu na Kaheti mai suna Otar. Ya gaji 'yan kurangar wani farin inabi a wajen kakansa, babu irinsa a duk kwarin. Inabin shi kaɗai ba ya yin giyar kirki, amma in aka haɗa kwando ɗaya da sauran inabi cikin tulun giya da muke binnewa a ƙasa, ƙamshin har bakin titi.

A al'adarmu, in ka datse rassan kuranga sai ka zube su a bakin shinge, mai so ya ɗiba ya dasa. Otar kuwa tara nasa yake ya cinna musu wuta.

Maƙwabciyarsa Tsiala takan leƙo ta ce, "Haba Otar, reshe ɗaya tak! Kabari za ka tafi da shi?"

"Je ki dasa albasa, tsohuwa. Wanda na kama da reshena, sai na karya masa hannu."

Wata shekara cuta ta shiga saiwa. Kafin ya farga, kurangar ta bushe ƙurmus.

Sai ga Otar yana bin gidaje, hula a hannu. Fatansa ɗaya: a ce wani ya taɓa satar masa reshe ya dasa.

Ya fara da Shalva mai tanda, ya yi ta kame-kame, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, ko yaranka sun taɓa tsintar wani reshe... ba faɗa zan yi ba."

"Mu? Muna son hannuwanmu."

Gida bayan gida, amsar ke nan. Ƙofar Tsiala ce ta ƙarshe. Ya tsaya ya kasa ɗaga ido.

"Yaya Tsiala, ke ce shingenki ke jikin nawa. Don Allah ki ce kin sata."

Ba ta yi dariya ba, wannan ya fi yi masa ciwo.

"Na so in sata, Otar. Sau nawa hannuna ya kai. Amma ka ce kada a taɓa, ba mu taɓa ba."

Haka inabin kakansa ya ƙare a duniya. Otar bai sake zama a teburin biki ba. Ba wanda ya kore shi, shi ne ba ya iya haɗa ido da mutane.

Darasi: Abin da ka hana kowa, ranar da ya kuɓuce maka ba ka da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Rabawa ita ce ajiya. Ku tura wa masu ƙulle hannu, kun san su.